Yadda Za Ka Sami Keken Tsere Daidai Jikinka: A Shago Ko Ta Intanet

Keken tsere ba ya yafe kuskuren awo. Irin keken da aka saba gani, su Raleigh da Phoenix, a miƙe ake zama a kansa, tafiyar kuma ba ta cika wuce gida zuwa kasuwa ko gona ba, don haka ko ya ɗan yi wa mutum girma jiki zai haƙura. Na tsere kuwa a sunkuye ake tuƙa shi, nauyin jiki ya kasu tsakanin sirdi da feda da hannuwa, ƙafa kuma tana zagaye 80 zuwa 90 a minti ɗaya. Cikin awa guda ke nan gwiwa ta lanƙwashe ta miƙe wajen sau 5,000. In sirdi ya kauce da santimita biyu kacal, wannan kuskuren ne gwiwar za ta yi ta maimaitawa har ta fara ciwo. Shi ya sa tambayar inda za a saya, shago ko intanet, ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce ka san awon jikinka, ka kuma san awon keken da zai karɓe shi. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi zai iya saye a ko'ina. Wanda bai riƙe su ba kuwa ko a shago ana iya ba shi abin da bai dace da shi ba, ya biya yana murna.

Fara da auna kanka

Abin da kake bukata kaɗan ne: tef ɗin awo, littafi mai kwali mai tauri, fensir, da wani wanda zai taimaka maka. Ka cire takalmi, ka sa gajeren wando mara kauri, ka jingina bayanka da bango, ƙafafu a ware kamar santimita 15. Ka sa littafin tsakanin cinyoyinka, bayansa yana sama, ka tura shi sama da ƙarfi har ya danne ka kamar yadda sirdi zai danne ka, gefensa ɗaya kuma manne da bango don kada ya karkace. A sa alama a bango daidai saman littafin, a auna daga ƙasa zuwa alamar. Wannan shi ne tsawon cikin ƙafarka. A yi sau uku a ɗauki na tsakiya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jin nauyin tura littafin sosai, sai awon ya ragu da santimita biyu ko uku. Kada kuma ka yi amfani da awon da tela ke yi maka na wando, domin shi a idon sawu yake tsayawa.

Sai tsayinka, shi ma ba takalmi. Sai faɗin hannuwa: ka buɗe su gaba ɗaya a jikin bango, a auna daga kan dogon yatsa zuwa kan ɗayan. Na ƙarshe faɗin kafaɗa, daga ƙashin nan da ke tsini a ƙarshen kafaɗa zuwa ɗan'uwansa.

Da tsawon cikin ƙafa ake fitar da tsayin sirdi. Lissafin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku: a ninka tsawon cikin ƙafa da 0.883. Mutum mai santimita 82 zai sami 72.4, kuma ana auna wannan ne daga cibiyar feda, wato tsakiyar sandar da hannuwan feda biyu ke juyawa a kanta, zuwa saman sirdi. Ka rubuta wannan lambar a wayarka. Ba hukuncin ƙarshe ba ce, mafari ce, amma da ita za ka shiga kowane shago. Girman firam kuma, wato gangar jikin keken, a tsohon lissafi ana ninka tsawon cikin ƙafa da 0.65 zuwa 0.67, wanda ga mutumin nan zai ba da 53 zuwa 55.

Lambar da ke jikin firam ba ta isa shaida ba

A da, lokacin da sandar sama ta kowane keke take a miƙe sambal, lamba 54 na nufin sandar da sirdi ke shiga ta kai santimita 54, ko da yake tun a lokacin wasu daga tsakiya zuwa tsakiya suke aunawa, wasu daga tsakiya zuwa baki. A shekarun 1990 kamfanin Giant na Taiwan ya fito da firam mai sandar sama da ta gangaro baya, sauran kamfanoni suka bi. Tun daga nan lambar ta zama suna kawai. Keken da aka rubuta wa 54 a yau sandar sirdinsa na iya zama 50 ko ƙasa da haka. Wasu kamfanonin ma haruffa suke sawa, S da M da L, kuma M ɗin wani na iya zama daidai da S ɗin wani. A jimlace, mai tsayin santimita 163 zuwa 170 yana faɗawa wajen 52, mai 170 zuwa 177 wajen 54, mai 177 zuwa 183 wajen 56, mai 183 zuwa 189 wajen 58. Wannan yana nuna maka layin da za ka duba ne, ba keken da za ka saya ba.

Awo biyu ne ke faɗin gaskiyar firam, kuma duk kamfanin kirki yana buga su a jadawalin awon kekensa. Dukansu daga cibiyar feda suke tashi. Na farko tsayin gaba, wanda ’yan keke ke kira istak: daga cibiyar feda a tsaye zuwa daidai saman bututun gaba, inda fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ke fitowa. Na biyu nisan miƙa, wanda suke kira ric: daga cibiyar feda a kwance zuwa wannan wurin dai. Na farko yana faɗa maka iya sunkuyon da za ka yi, na biyu iya miƙar da za ka yi.

Dubi bambancin da ke ɓoye a ƙarƙashin lamba ɗaya. Keken gasa mai lamba 54 tsayin gabansa yakan kasance wajen milimita 535 zuwa 545, nisan miƙarsa wajen 385. Keken doguwar tafiya mai lamba 54 shi ma, irin su Domane na Trek ko Roubaix na Specialized, tsayin gabansa yakan kai 570 zuwa 585, nisan miƙa wajen 375 zuwa 380. Wato hannunka zai yi sama da santimita uku zuwa huɗu. Ga bayan mutum da wuyansa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. In ka raba tsayin gaba da nisan miƙa ka ga amsar wajen 1.4, keken na masu gasa ne, masu jiki mai laushi da suka saba. In ta kai 1.5 ko fiye, na zama cikin sauƙi ne. Mai farawa, da wanda ya haura shekara arba'in, da wanda in ya sunkuya ba ya iya taɓa yatsun ƙafarsa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba, duk na biyun ya fi dacewa da su, kuma babu abin kunya a ciki. Keken gasa da aka cika wa zobba a ƙarƙashin wuya, wato guntun ƙarfen da ke riƙe kan keke, aka kuma juya wuyan sama don mai shi ya iya kaiwa, alama ce ta cewa tun farko ba shi ya kamata a saya ba.

Kana iya fitar da awon nan biyu da kanka a kan kowane keke, ko da babu takardarsa. Ka tsayar da shi a daɓe mai lebur, tayar baya tana taɓa bango, wani ya riƙe shi a tsaye. Ka auna daga bango zuwa cibiyar feda, sannan daga bango zuwa tsakiyar saman bututun gaba. Bambancin shi ne nisan miƙa. Ka auna daga ƙasa zuwa cibiyar feda, sannan daga ƙasa zuwa saman bututun gaba; bambancin shi ne tsayin gaba. Aikin minti biyar ne, kuma shi ne makaminka a wurin masu keken hannu.

Abin da ke gyaruwa da abin da ba ya gyaruwa

Sirdi yana hawa yana sauka, yana kuma matsawa gaba da baya kaɗan. Wuyan keke, wato guntun ƙarfen da ya haɗa kan keke da fok, ana samunsa daga milimita 70 zuwa 130, ana ƙara goma-goma. Kan keke yana zuwa da faɗin santimita 38, 40, 42 ko 44, kuma wanda ya yi kusa da faɗin kafaɗarka ake nema. Hannun feda yana zuwa milimita 165, 170, 172.5 ko 175, lambar tana rubuce a cikinsa kusa da ramin feda. Duk waɗannan ana sauya su. Firam ne kaɗai ba ya sauyuwa.

Amma gyaran yana da iyaka. In sai ka sa wuya mai ƙasa da milimita 80 kafin hannunka ya kai, firam ɗin ya yi maka tsawo, kuma kan keken zai riƙa fizga da ɗan motsi kaɗan, abin da ba a so a gangara. In sai ka wuce 130, ya yi maka kaɗan. Zobban da ke ƙarƙashin wuya galibin kamfanoni ba sa yarda su wuce milimita 30 zuwa 40, musamman in bututun fok ɗin na kabon ne. Kowane zobe na milimita 10 da ka ƙara yana ɗaga kai da kusan hakan, yana kuma dawo da shi wajenka da kamar milimita 3, saboda bututun gaba a karkace yake. In kuwa mai keken na farko ya riga ya yanke bututun fok ya sauke kai ƙasa, babu yadda za a mayar da abin da aka yanke sai dai a sayi sabon fok.

Kuskure ɗaya da ake yawan yi, har a shaguna: in kan keke ya yi wa mutum nisa sai a tura sirdi gaba. Wurin sirdi na ƙafa ne, ba na hannu ba. Tura shi gaba yana jibge nauyin jiki a kan hannuwa, yana kuma matsa wa gaban gwiwa. A fara daidaita sirdi da ƙafa, sannan a nemi wuyan da zai kawo kai inda hannu yake.

In ka faɗa tsakanin girma biyu, dubi faɗin hannuwanka. In ya fi tsayinka, babban zai karɓe ka. In bai kai ba, ɗauki ƙaramin. Galibi ƙara wa ƙaramin keke tsawo ya fi rage wa babba sauƙi, sai dai ka tuna ƙaramin gabansa ya fi ƙasa, don haka ka tabbata akwai sauran zobba.

A shago

Abin da shago ya fi intanet da shi guda ɗaya ne, amma babba ne: jikinka zai hau keken kafin kuɗinka ya fita. Saboda haka kada ka je da babbar riga ko doguwar jallabiya ka tsaya kana kallo. Je da kayan da za ka yi tuƙi da su, da takalmin da za ka sa, da tef, da alanki mai lamba 4, 5 da 6.

Ka fara tsayawa keken yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami sarari na santimita biyu zuwa biyar tsakaninka da sandar sama. Wannan gwajin yana fitar da keken da ya yi maka girma ne kawai, ba ya tabbatar da wanda ya dace. Yawancin masu shago a nan suke tsayawa su ce ya yi. Kai kada ka tsaya.

Ka sa sirdi a lambar da ka zo da ita. Dubi sandar sirdin: akwai layin da aka zana a jikinta wanda bai kamata ya fito waje ba. In sai ya fito kafin ka kai tsayinka, keken ya yi kaɗan, kuma tuƙa shi a haka yana tsaga firam. In kuwa sirdin ya kusa zama a kan firam, ya yi girma. Ka hau, wani ya riƙe ka, ka ɗora diddige a kan feda ka juya baya. A can ƙasa ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mayar da tudun tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe da digiri 25 zuwa 35, wanda shi ake nema.

Yanzu ɗora hannu a kan robar saman birki, domin nan ne hannu ke yini, ba saman kai ba, ba kuma can ƙasan lanƙwasa ba. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake, ba a ɗage zuwa kunne ba. Ka iya kallon gaba ba tare da ka ƙage wuya ba. Sauko da hannu cikin lanƙwasa ka gani ko yatsu biyu suna kama birki. In ba sa kaiwa, yawancin hannayen birki na kamfanonin Shimano da SRAM suna da ɗan noti ko roba da ake matso da su kusa, abin da ke da muhimmanci ga mata da masu ƙananan hannuwa.

Sannan ka nemi a bar ka ka tuƙa, ko da za ka ajiye katin shaida ko wani ya bi ka. Zagaye ɗaya a gaban shago ba ya nuna komai, ka nemi minti 15 zuwa 20. Ka bi duk giyoyin, ka tashi tsaye ka taka, ka ja birki da ƙarfi, ka yi kwana a hankali ka ga ko kan takalminka yana taɓa tayar gaba, abin da ke faruwa a ƙananan firam. Gwaji mafi amfani shi ne wannan: kana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya kana taka feda da ɗan ƙarfi, ka sassauta riƙon kai har hannu ya kusa tashi. In ka ji za ka kifa gaba, nauyinka ya yi yawa a hannu. Ko sirdi ya yi gaba, ko hancinsa ya sunkuya, ko keken ya yi tsawo.

Raunin shago kuma shi ne abin da ke ƙasa shi ake son a sayar. Mai shagon da ke da 56 kaɗai zai ga 56 ta yi maka. A garuruwanmu abin ya fi tsanani, domin kekunan tsere ba su da yawa a kasuwa, galibinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka ko Japan, kowane iri guda ɗaya, girma ɗaya. Da yawa daga cikinsu kuma 56 ne ko 58. Kyan fenti da sunan kamfani da sauƙin farashi suna sa mutum ya lallashi kansa cewa zai saba. Ba a sabawa da firam da ya yi girma, haƙuri kawai ake yi har a jingine keken. In babu girmanka, ka bar wa mai shagon awonka da lambar wayarka ka jira kaya na gaba. Kafin ka biya kuma ka yi ciniki a kan sauyi: ko zai canja maka wuya ko sirdi in bai yi ba, ko zai sake ɗaure wayoyin giya da birki bayan sati biyu ko uku, domin sababbi sukan saki.

Keken hannu yana da nasa binciken daban da na awo. Fara da kwance notin sandar sirdi ka ga tana motsi. Sandar alminiyam da ta shekara cikin firam na ƙarfe ba giris takan manne har ta gagara fita, kuma keken da sirdinsa ba ya motsi ba zai taɓa zama naka ba. Shafa hannu a ƙarƙashin sandunan nan biyu daidai inda suka haɗu da bututun gaba: fenti da ya tattare ko ya tsage a wurin alamar an yi karo da gaba ne. Duba walda a kewayen cibiyar feda. A firam na kabon, duk wani tsagi ko wurin da ya yi laushi in ka danna ya isa dalilin barinsa. Riƙe birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ɗin wuya ya saki ko ya ci. Juya kowace taya ka kalli tazararta da robar birki don ganin ko wili ya karkace, ka kuma shafa gefen wilin. In ya zama kwari, birki ya cinye shi. Sarƙa kuma a auna ta da ruler: inci 12 daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar wata ƙusar ya kamata ya faɗa daidai. In ta wuce da milimita ɗaya da rabi, a sauya sarƙa. In ta kai uku, haƙoran baya ma sun tafi, sai ka cire kuɗinsu daga farashi. Lura kuma da hannun birki: kekunan Ingila da Japan birkin gaba yana dama, na Amurka da yawancin Turai yana hagu. Ka san wanne ne kafin ka hau titi.

Ta intanet

A nan zaɓi ya fi yawa, kowane girma akwai, kuma kamfanoni irin su Canyon na Jamus da ke sayarwa kai tsaye sukan ba da kayan giya mafi kyau a farashi ɗaya da na shago. Amma lambobi kaɗai kake saye. Ga wanda ya taɓa mallakar keken da ya yi masa daidai, abin mai sauƙi ne: ya auna tsayin gaba da nisan miƙa na tsohon, ya nemi sabon da bai kauce da fiye da milimita 10 a tsayi da 5 zuwa 10 a nisa ba, ya duba tsawon wuya da faɗin kai da aka ɗaura wa girman da yake so. Ga wanda bai taɓa ba, cinikin biri a sama ne, sai fa in ya fara aron keken wani mai kusan tsayinsa ya yi awa ɗaya ko biyu a kai, ya auna shi, ya rubuta inda ya ji daɗi da inda ya takura. Ƙungiyoyin masu tuƙa keke da ke fita da safiyar Asabar ko Lahadi a manyan birane nan ne wurin samun wannan aron. Shawararmu a fili take: keken tsere na farko a hau shi kafin a saya.

Akwatin da ke shafukan kamfanoni inda ake sa tsayi da tsawon ƙafa ya fitar da girma yana da amfani, amma bai san laushin bayanka ba, bai san tsawon hannunka ba. Ka ɗauki amsarsa ka gwada ta da jadawalin awo. Ka kuma yi hattara da kekunan zamani masu kai da wuya a haɗe wuri ɗaya, wayoyi duk a ciki. Suna da kyan gani, amma sauya tsawon wuya da santimita ɗaya na nufin sayen sabon kai gaba ɗaya da sake zare bututun birki, aikin da ba kowane mai gyara zai iya ba. Haka sandar sirdi mai siffa ta musamman; mai zagaye ta milimita 27.2 ita ce ake samu a ko'ina.

A kasuwannin intanet na gama-gari za ka ga an rubuta girman keke 700c ko inci 26. Wannan girman taya ne. Tallar da ba ta faɗi girman firam ba, ba ta kuma da jadawalin awo, yawanci keke ne mai girma ɗaya da aka yi wa siffar na tsere, mai nauyin kilo 13 ko fiye, alhali na alminiyam na kirki mai sauƙin kuɗi yana tsakanin 9 da 11. Firam na kabon mai babban suna da ake sayarwa a kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa kuwa jabu ne, kuma fok na jabu in ya karye a guje fuska ce ke sauka a kwalta.

In daga hannun wani mutum ne a Jiji ko Facebook, ka nemi ya ɗauki hoton tef a jikin keken yadda aka bayyana a sama, da hoton lambar da ke ƙarƙashin cibiyar feda, da bidiyon giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin kai ko wani naka ya gani da ido.

Sai lissafin kawowa, wanda shi ke cinye arahar. Kwalin keke yakan kai santimita 140 a tsawo, 80 a tsayi, 25 a faɗi. Kamfanonin jigilar sama suna caji ne da girman kwali in ya fi nauyinsa: su ninka ukun su raba da 5,000, wanda a nan ya ba da kilo 56, ga keken da bai wuce kilo 10 ba. Ƙara kuɗin kwastam da canjin kuɗi. Damar mayar da kaya, kwana 14 a dokar Tarayyar Turai ko 30 da wasu kamfanoni ke bayarwa, ba ta da amfani sosai ga wanda sai ya sake biyan jigila daga Kano ko Yamai. Ka kuma tambaya tun farko ko kamfanin yana aikowa ƙasarka, da wanda zai ɗauki nauyi in firam ya iso a fashe.

Ko a shago ko ta intanet, ka yi tunanin kayan gyara. Shimano Claris mai giya 8 a baya, da Sora mai 9, da Tiagra mai 10, sarƙarsu da haƙoransu sun fi sauƙin samu da araha fiye da masu 11 da 12, ga shi ƙurar hunturu tana cin sarƙa da sauri. Birkin faifai mai aiki da mai yana da ƙarfi, amma na Shimano man ma'adini yake sha, na SRAM na kekunan tsere kuma man DOT, kuma zuba ɗaya a madadin ɗaya yana lalata robobin ciki. Nemi firam da zai karɓi taya mai faɗin milimita 28 aƙalla, 32 in da hali, saboda ramuka da tsakuwa da ƙayar tsidau. Yawancin masu birkin roba a 28 suke tsayawa, tsofaffi ma a 25. Wani tarkon kuma: tayar 700c awon bakinta milimita 622 ne, ta keken gargajiya mai lamba 28 x 1½ kuwa 635, tsohuwar inci 27 kuma 630. Ba sa shiga wilin juna ko da an ce maka duk 28 ne, don haka lambar 622 za ka nema a gefen taya. Bawul ɗinta siriri ne, irin Presta, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan adafta, don haka ka saye shi tare da tif biyu na ajiya.

In kwali ya iso

Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe kafin ka buɗe, ka kuma ajiye shi har ka tabbatar da keken. Abin da ya fi lalacewa a hanya shi ne ɗan ƙarfen da na'urar sauya giya ta baya ke rataye a kai. Tsaya a bayan keken ka duba: ƙananan ƙafafun nan biyu da sarƙa ke bi su kasance a layi ɗaya a tsaye ƙarƙashin haƙoran. In sun karkata ciki, kada ka hau, domin na'urar na iya shiga cikin wayoyin wili in sarƙa ta hau babban haƙorin baya. An yi wannan ƙarfen ne don ya lanƙwashe a madadin firam, kowane keke kuma da irin nasa, saboda haka ka sa a haɗo maka da guda na ajiya tun wurin oda.

Fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗauru. A shafa giris, a fara da hannu kafin a sa sifana. In ta yi tauri tun zagaye na farko to ta hau zare ba daidai ba. Notocin wuya ƙarfin ɗaurinsu galibi 5 Nm ne, an rubuta a jikinsu, ana ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye har tazarar sama da ta ƙasa ta zo daidai. A kan kabon kada a ƙiyasta da hannu, a nemi sifana mai auna ƙarfi, kuma man kabon mai ɗan yashi-yashi ake shafa wa sandar sirdi, ba giris ba. Kada ka yanke bututun fok sai ka yi wata biyu ko uku kana tuƙi. Zobban da suka rage a ɗora su a saman wuya.

Daga nan jiki ne zai faɗi saura. Ciwon gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa ko ya yi gaba. Ciwon bayan gwiwa, ko ƙugu yana rangaji hagu da dama, ya yi sama. Yatsu suna mutuwa, nauyi ya yi yawa a hannu: duba ko hancin sirdi ya sunkuya, ka ɗora katako a kansa ka gwada da manhajar lebur ta waya. Ciwon wuya da tsakanin kafaɗu, kai ya yi nisa ko ya yi ƙasa. Mutuwar gaba ko zafi a matse-matsi ba abin jurewa ba ne, sau da yawa sirdin ya yi siriri. Zauna a kan kwali mai laushi da aka ɗora bisa benci, ka auna tsakanin ramuka biyun da ƙasusuwan zama suka bari, ka ƙara milimita 20 zuwa 25. Yawancin mutane suna faɗawa sirdi mai faɗin 143 ko 155. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, milimita 3 zuwa 5, ka yi fita biyu ko uku kafin ka sake taɓawa, ka kuma naɗa salatif a sandar sirdi daidai bakin firam don ka gane in ta zame. Ciwon da bai tafi ba bayan an daidaita keken, musamman na gwiwa ko mutuwar hannu da ke kwana, a kai shi wurin likita.